Kafin Ya Taka, Me Zai Iya a Wannan Watan?

Iyaye, duk lokacin da na tambaye ku fatanku ga yaro mai jinkirin zama, tafiya ko magana, amsar kusan ɗaya ce: "Mu dai ya taka da ƙafarsa." Allah Ya nuna mana. Sai dai wannan fata ba ta faɗa muku abin da za ku yi gobe da safe. Shi ya sa uwa takan shafe wata uku tana motsa wa ɗanta gaɓoɓi, ta sare, ta ce babu ci gaba, alhali wuyan da ke langaɓewa a da yanzu ya fara tsayawa. Ba a auna ba ne tun farko. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a nan ake daina atisayen.

Jiki yana da tsarinsa: riƙe wuya, sai zama, sai tsayuwa, sannan tafiya. Ko a yara masu ƙoshin lafiya, binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna ana fara zama ba jingina daga kusan wata 4 zuwa 9, tafiya kuma daga wata 8 zuwa kusan 18. To ina ga yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni? Kada ku auna shi da ɗan kowa, ku auna shi da yadda yake a watan jiya.

Ku zauna da likitan gashin ƙashi ko mai koyar da magana, ku zaɓi buri biyu, in ya yi yawa uku. Kowanne ya zama abin da ido zai gani kuma a iya ƙirgawa. Maimakon "hannunsa ya yi ƙarfi", ku ce: "Nan da mako 6 zai riƙe cokali ya kai baki sau 5 a cin abinci ɗaya." Yau sau nawa yake iyawa? Ku rubuta, ko da sifili ne, ko ku ɗauki bidiyo a waya.

Ƙwaƙwalwa da maimaici take koyo, don haka minti 10 sau uku a yini sun fi awa guda ta kuka. Ku saka atisayen cikin wanka, sa tufafi da wasa. Uba da yayye su karɓi nasu rabon, aikin ya fi ƙarfin uwa ita kaɗai. Idan yaron yana iya nuna abin da yake so, ku tambaye shi. Wanda ke son kama ƙwallo zai miƙa hannu ba sai an roƙe shi ba.

In mako 6 ya cika bai kai ba, a rage burin, ba laifin kowa ba ne. Amma idan motsi yana sa shi kukan zafi, ko yana shaƙewa da tari wajen ci, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ku dakata ku kai shi asibiti, kada ku jira ranar da aka ba ku.