Karen Tsere Ya Yi Ritaya, Ga Kyanwa a Gida: Yadda Za a Haɗa Su Lafiya

Akwai wani kare siriri, mai dogayen ƙafafu da tsukakken ciki, wanda Turawa ke kira girehawun. Shi ake sa wa tsere a Ingila da Ayilan da Ostireliya, 'yan caca na zuba kuɗi a kansa. Idan gudunsa ya fara raguwa ko ya ji rauni, galibi bai wuce shekara 5 ba, sai a janye shi daga fili a nemo masa gida. Kare ne da kan kai shekara 12 ko fiye, don haka yawancin rayuwarsa a hannun mai riƙo zai yi ta. A Biritaniya ƙungiyar Greyhound Trust tana wannan aiki na nemo musu gidaje tun 1975. Yanzu kuma filayen tseren sai rufewa suke yi. Mutanen jihar Fulorida a Amurka sun kaɗa ƙuri'ar hana shi a 2018, aka daina a ƙarshen 2020. Filin Belle Vue na Manchesta, inda aka fara irin wannan tsere a Ingila a 1926, shi ma an rufe shi a 2020. A Disamban 2024 gwamnatin Niyu Zilan ta sanar za ta haramta shi. Duk filin da aka rufe, karnukansa gida suke nema.

Na san wani zai ce ina ruwan Bahaushe da karen Bature. 'Yan uwanmu da yawa suna zaune a waɗannan ƙasashe, kuma mu mutane ne masu ajiye kyanwa. Wani ya kama hayar ɗaki a gidan da aka kawo irin wannan kare. Wata tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wani kuma 'ya'yansa ne ko matarsa suka matsa sai an ɗauko. Batun ko ya dace a ajiye kare a cikin gida, kowa ya san inda ya tsaya a kai. Aikina lafiyar dabba ne, kuma abin da ya dame ni shi ne ran kyanwar nan da ba a yi shawara da ita ba.

Abu na farko da ya kamata a gane: wannan kare ba mugu ba ne. Yana cikin karnuka mafi sanyin hali, mai yawan barci, wanda ba ya cika haushi. Sai dai da ido yake farauta, ba da hanci ba kamar yawancin karnuka. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana zaɓen iyayensa saboda abu guda, wato su hango zomo ya zabura su cim masa. Sannan a filin tsere aka ɗora masa horo a kan wannan ɗabi'a: ana jan zomon roba a kan layin ƙarfe da injin, karnuka na binsa. Gudunsa kan kai wajen kilomita 70 a awa, kuma cikin 'yan taku kaɗan yake kaiwa ga hakan. Wanda ya taɓa ganin karnukan mafarautanmu sa'ad da zomo ya tashi daga gindin sabara, ko karen Azawak na Buzaye a Nijar da Mali, wanda shi ma da ido yake farauta, ya san abin da nake nufi. Duk abin da zan faɗa a nan ya shafe su su ma.

Ga inda mutane ke yin kuskure. Karen da zai yi faɗa yana gargaɗi, ya yi gurnani, ya yage baki, gashin bayansa ya tashi. Karen da zai yi farauta shiru yake yi. Ba fushi yake ji ba, don haka babu gurnani, babu haushi. Mai gida na zaune yana jiran ya ji alamar rigima, kafin ya ajiye kofin shayinsa an gama. Shi ya sa duka da tsawa ba sa maganin abin. Idan kuka doke shi saboda kallon kyanwa, abin da zai koya shi ne duk sa'ad da ta bayyana wahala na biye, kuma hakan ƙara dagula lamarin yake yi.

Tun kafin a kawo kare, ku gaya wa ƙungiyar da za ta ba ku shi cewa akwai kyanwa a gidan, ku kuma bayyana halinta. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan suna gwada karnukansu da kyanwa, su ware waɗanda ba su damu da ita ba, da waɗanda za a iya koya wa, da waɗanda sam bai kamata su zauna da ita ba. Ku nemi na rukunin farko, musamman wanda ya riga ya zauna a gidan riƙo tare da kyanwa. Amma kada ku ɗauki gwajin a matsayin lamuni. Gwajin minti goma ne a baƙon wuri, kare na cikin ruɗu, da kyanwar da ta saba da karnuka ba ta gudu. Kyanwarku wata ce daban. Babbar kyanwa mai zuciya, wadda ke tsayawa ta hura hanci, ta fi samun sauƙi. Matsoraciya mai zabura da gudu, ko 'yar jaririya mai tsalle-tsalle, ita ce ke tayar masa da abin da ke jininsa.

Ku shirya gida kafin ya iso. A ware wa kyanwa ɗaki guda mai ƙyauren da ke rufuwa da kyau, a sa mata abincinta da ruwanta da mazubin yashin da take bayan gida a ciki. A bakin ƙofar a kafa shingen ƙarfe irin wanda ake tare yara masu rarrafe da shi, amma dogo, domin gajere tsallake shi zai yi. A bar mata 'yar kafa da za ta shige shi kuma ba zai iya ba. A sauran ɗakuna a tanadar mata wurin hawa, kan kabad ko kanta mai tsawo. Ku tuna idan ya miƙe a kan ƙafafun baya yana kai tsayin mutum, teburin cin abinci ba mafaka ba ce.

Kayan aiki biyu ne ba a wasa da su. Na ɗaya takunkumi mai kama da kwando, na roba, wanda zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa. Ban da na yadi mai ɗaure baki, domin da haki kare ke sanyaya jikinsa. Kada tausayi ya hana ku sa masa. Da takunkumi ya yi dukan tserensa, ya saba da shi, kuma yawancin ƙungiyoyi da shi suke ba da karen. Na biyu abin wuya mai faɗi wanda ke ɗan tsukewa idan ya ja. Kansa siriri ne, bai fi kaurin wuyansa ba, abin wuya na gama-gari zare kai yake yi daga ciki idan ya ja da baya.

Kwanakin farko kada su ga juna ko kaɗan. Galibi karen nan bai taɓa zama a gida ba. Bai san matakala ba, bai san ƙofar gilashi ba, ƙarar talabijin baƙuwa ce a wurinsa. Ku bar shi ya natsu tukuna. A wannan lokacin sai a riƙa musayar ƙamshi: a goga tsumma a kumatun kyanwa a ajiye kusa da shimfiɗarsa, a kai mata bargonsa ta shinshina. Idan an fita da shi yawo, a buɗe mata ta zaga gidan, ta san har yanzu gidanta ne.

Ranar haɗuwar farko, a fara fita da kare ya yi tafiya mai tsawo ya gaji. Manya biyu ake so, yara su koma wani ɗaki. Mutum ɗaya ya zauna a ƙarshen falo da kare, takunkumi a baki, igiya gajera a naɗe a hannu. Ɗayan ya buɗe ƙofar kyanwa ya bar ta ta fito da ƙafarta, ƙofar na buɗe a bayanta. Kada a rungumo ta a kawo. Kyanwar da aka ɗaga sama tana mutsu-mutsu ta fi jan hankalinsa, kuma mai riƙe da ita zai sha yakushi. Kada kuma a kulle ta a keji a ajiye a gabansa, wannan azaba ce gare ta.

Yanzu idonku ya koma kan karen. Idan ya dube ta, ya shinshina iska, ya kawar da kai, ya yi hamma, ko ya kwanta, alhamdu lillahi, akwai hanya. Wani ma ɓuya zai yi a bayanku idan ta hura masa hanci. Amma idan idonsa ya kafe a kanta ko ƙiftawa babu, kunnuwan da ke kwance a ƙeya suka miƙe, jikinsa ya sandare, cinyoyinsa na rawa, miyau na dalala ta cikin takunkumi, yana wani siririn kuka ƙasa-ƙasa, to hattara. Ku kira sunansa. Ku kai ɗan yankan dafaffiyar kaza bakin hancinsa. Karen da ya ƙi juyowa ga nama saboda kallon kyanwa, hankalinsa ya riga ya tafi farauta. A janye shi a hankali a fita da shi, a sake gwadawa wata rana daga nesa fiye da haka, ta bayan shinge.

Horon kansa ba shi da wuya, naci yake so. Duk sa'ad da ya kalle ta ya juyo ya kalle ku, a yaba masa da murya mai taushi a zura masa ɗan nama ta ramin takunkumi. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a yini, a tashi tun ana cikin daɗi. A hankali sai a rage tazara. Bayan nan a saki igiyar tana jan ƙasa yadda za a iya take ta da ƙafa. Takunkumi shi ne na ƙarshen cirewa, bayan makonni yana ganinta tana wucewa, tana tsalle, har tana gudu, bai ɗaga kai ba. Ko da takunkumin ma kada a sake jiki: kare mai nauyin kilo 30 idan ya doke kyanwa da baki ko ya danne ta da ƙafa zai iya karya ta.

Akwai masu cewa a bar ta ta yakushe shi sau ɗaya, zai shiga taitayinsa. Ban yarda da wannan ba. Fatarsa siririya ce, saurin yagewa take yi, farce ɗaya a ido kuma na iya jawo masa makanta. Wani karen ma yakushin ne ke tunzura shi. Gara a rage mata tsinin farce kafin ranar.

Da dare, ko idan za a fita ko da zuwa shagon bakin layi ne, a raba su, ƙyaure a rufe. Watanni za a yi ana haka, wasu gidajen ma har abada, kuma ba laifi ba ne. Ga wani dalili da ba a cika sani ba: a zamansa na tsere bai saba mutum ya taɓa shi yana barci ba. Wasunsu idan aka taɓa su cikin barci firgita suke yi su kai cizo kafin su farka sosai. Kyanwa mai son ɗumi za ta je ta hau shimfiɗarsa. Yara ma a koya musu su kira sunansa ya buɗe ido kafin su taɓa shi.

Tsakar gida da lambu wata duniya ce. Karen da ke kwana a falo ɗaya da kyanwa, idan ya hango ta tana gudu a kan ciyawa zai iya binta, balle kyanwar maƙwabta da bai sani ba. Kafin a buɗe masa ƙofar baya a leƙa, a tafa hannu, duk wadda ke wurin ta haye katanga. A titi kuwa igiya ba ta barin hannu. Dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri. A Ayilan ta Arewa, alal misali, tun 1950 doka ta wajabta igiya da takunkumi ga irin wannan kare a bainar jama'a. Ku tambayi hukumar yankinku.

Kada hankali ya tafi kan baƙo a manta da 'yar gida. Kyanwar da ta shiga damuwa takan ɓuya, ta daina ci, ta riƙa fitsari a inda ba ta saba ba. Idan ta kwana biyu ba ta ci ba a kai ta wurin likitan dabbobi, domin yunwa na taɓa hantar kyanwa da sauri, musamman mai ƙiba. Muzuru kuma idan yana ta tsugunno yana nishi fitsari ba ya fita, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi. Sannan a duba maganin ƙuma da kaska da za a ɗiga wa kare a ƙeya: duk wanda ke ɗauke da sinadarin fametirin (permethrin) guba ne ga kyanwa, ko da gogar jikinsa kawai ta yi ta lashe gashinta.

Idan tsautsayi ya faɗa ya kama ta, kada ku sa hannu a bakinsa. A watsa masa ruwa, ko a jefa masa bargo a ka. A naɗe kyanwar a tawul, domin mai ciwo tana cizon ko mai ita, a wuce asibitin dabbobi nan take ko da ba a ga jini ba. Kare girgiza abin da ya kama yake yi, sai a ga ɗan huji biyu a fata alhali haƙarƙari ya karye ko huhu ya fashe a ciki. Kada a ba ta farasitamol, kashe kyanwa yake yi. Wanda aka ciza a cikinku ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu ya je asibiti, cizon kyanwa saurin ruɓa yake yi. A ƙasashenmu, inda ciwon haukan kare ke nan, wankin ya kai minti 15, kuma a nemi allura a ranar.

Wani karen kuwa ba zai taɓa sabawa ba, hali zanen dutse ne. Idan an yi makonni ana bin matakan nan amma har yanzu yana tsayawa a bakin ƙofarta yana rawar jiki, yana ƙin nama idan ya gan ta, ko ya taɓa kai mata cafka, kada a ci gaba da gwaji da ranta. A kira ƙungiyar da ta ba da shi. Galibinsu suna karɓar karensu idan zama bai yiwu ba, yana ma cikin takardar da aka sa wa hannu. Ku faɗa musu dalla-dalla abin da kuka gani, don su nemo masa gidan da babu kyanwa, babu zomo, babu ƙaramin kare.