Ƙere-ƙere da dabarun fasaha a Damagaram

Ƙere-ƙeren Damagaram suna ne da ya tattaro dabarun da maƙera da magina da sauran masu sana'ar hannu na birnin Zinder da kewayensa suka ƙago ko suka gyara domin biyan bukatunsu, tun daga zamanin sarauta har zuwa zamanin wayar salula. Abin da ya fi yawa a cikinsu shi ne karɓar abin da ya zo daga nesa a sake shi da kayan gida, kuma matsayin birnin a kan hanyar ayarin da ke haɗa Tarabulus da Kano da Borno ya taimaka ƙwarai wajen haka.

Igwa da albarushi

An kafa masarautar Damagaram a wajajen shekarun 1730, amma ƙarfinta ya kai ƙololuwa ne a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda dogon mulkinsa ya kama daga kusan 1851 zuwa 1884. Shi ne ya kewaye birnin da ganuwa a tsakiyar shekarun 1850, ya kuma kafa runduna ta 'yan bindiga da ya damƙa jagorancinta a hannun bayin sarki. Bindigogi suna shigowa ne tare da fataken Sahara, to amma Tanimun bai tsaya ga saye kaɗai ba, domin ya san duk makamin da ake jiran ayari ya kawo albarushinsa zai iya zama sanda ranar da hanya ta toshe. Saboda haka ya sa aka riƙa haɗa albarushi a cikin gari, aka kuma riƙa zuba igwa, wato babbar bindigar da ake ɗorawa a kan ƙafafu, tare da harsasanta.

Haɗin albarushi yana bukatar abu uku: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa, wanda shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na haɗin. Ana daka su tare da ɗan danshi don kada su kama wuta a turmi, sannan a shanya. Zubin igwa ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Dole a narkar da tagulla mai yawa a lokaci guda, da gawayi da zuga-zugin fata kawai, a kwarara ta cikin mazubin yumɓu ba tare da ta huce a hanya ba, domin ƙaramin gurbin iska a jikin ƙarfen ya isa ya sa igwar ta tarwatse a kan masu harba ta. Maƙera ne aka ɗora wa wannan aiki, kuma cin nasararsu a kai yana cikin manyan abubuwan da aikin ƙira ya yi a wannan yanki a ƙarni na 19.

Akwai saɓani kan adadin igwar. Wasu marubuta sun ambaci kimanin 12, wasu kuma sun kai su 40 tare da bindigogi kusan 6,000. Haka nan an yi saɓani kan amfaninsu a fagen fama, inda wasu ke ganin ƙararsu ta fi ɓarnarsu tasiri. Ko ta yaya aka ɗauke shi, da wannan ƙarfi ne Damagaram ta daina jin tsoron Borno, har Sarki Amadu Kuren Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890. Zamanin ya ƙare a watan Yulin 1899, lokacin da sojojin Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini suka shiga birnin.

Gini

Gidajen unguwar Birni da na Zango an gina su ne da tubalin ƙasa, da katanga mai kauri wadda ke riƙe sanyin dare har zuwa tsakar rana. Magina suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta hana ruwan sama cin ginin, sannan su ƙawata fuskar gida da zane.

Tukunyar dalma

Zubin ƙarfe bai mutu da tafiyar igwa ba, sai dai ya koma madafa. Sana'ar zuba tukwane da tsohon alminiyam ta bazu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga wajajen Senegal, ta iso ƙasar Hausa ta zauna daram. Mai zubi yana cika akwatin katako da yashi mai laima, ya danna tsohuwar tukunya a ciki har siffarta ta fito, ya zare ta a hankali, ya bar ƙaramar kafa a sama. A gefe kuma yaronsa na juya ƙafar keke da aka haɗa da fanka tana hura gawayi, gwangwanayen lemo da fasassun kayan injin mota suna narkewa. Alminiyam yana narkewa a kan zafin digiri 660, ƙasa sosai da na tagulla, shi ya sa wutar gawayi take wadatarwa. Bayan 'yan mintoci ake fasa yashin, a ɗauko tukunyar a goge bakinta da magagari. Ludayi da murfi da turmin daka yaji duk ta wannan hanya ake yin su, kuma a kan same su jere a Kasuwar Dole, musamman ranar Alhamis.

Sanyaya abinci ba lantarki

Randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne saboda laimar da ke tsattsafowa ta jikinta tana tafiya da zafi idan iska ta busar da ita, kuma tukwanen Mirya sun yi suna a kan haka. A shekarun 1990 wani malami a jihar Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, abin da ke sa tumatir da yalo su ƙara kwanaki ba su lalace ba. Ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki a lokacin rani, sa'ad da iska take bushe.

Waya da nishaɗi

Wayar salula ta fara shiga Nijar a 2001, kuma 'yan kasuwar hatsi suna cikin waɗanda suka fara cin moriyarta, tun da mutum yana iya jin farashin gero a wata kasuwa kafin ya ɗora buhu a mota. Ƙarancin lantarki ya haifar da sana'ar cajin waya, inda ake jera wayoyi da dama a kan allo guda da ke shan wuta daga farantin hasken rana ko ƙaramin janareta, kowace da lambar da aka ba mai ita.

Finafinan Hausa na Kano, waɗanda suka fara bunƙasa daga 1990, sun iso Zinder a kaset, daga baya a faifai, sannan a ɗan katin ajiya na waya. A nan ne sana'ar masu turi ta fito: mai kwamfuta yana zaune a rumfa, a ba shi 'yan kuɗi ya zuba wa mutum fim ko waƙa ko wa'azi, da finafinan Indiya da aka juya muryarsu zuwa Hausa. Daga wannan waya sai abin ya bi ta Bluetooth zuwa wayoyin abokai a fada, inda samari ke zama da dare a kewaye da murhun shayin da aka saƙa da tsohuwar wayar ƙarfe. Da haka wanda bai taɓa sayen intanet ba yake kallon abin da ya fito a Kano cikin kwana biyu ko uku.

Kayan wasan yara

Yara suna ƙera mota da karan dawa ko gwangwanin madara, su yanko tayoyi daga tsohon silifa, su sa doguwar waya a matsayin sitiyari. Wasu sukan ƙara ƙofa mai buɗewa, da fitila daga ƙwan tsohuwar tocila da batir guda.