Mene ne "ruwan juji"?

Ruwan juji shi ne baƙin ruwan nan mai ɗoyi da ke tsatsowa daga ƙarƙashin tarin shara. Asalinsa ruwan sama ne. Idan ya sauka a kan juji sai ya ratsa ruɓaɓɓen abinci, matattun batura, gwangwanayen fenti da ragowar magunguna, ya tsuma su kamar yadda ake tsuma jiƙo, sannan ya fito ɗauke da amoniya da ƙarafa masu guba irin su dalma. Shara ana ganin ta, wari ana jin sa, shi kuwa wannan ruwa ta ƙasa yake bi har ya iske rijiya ko bakin teku. Duk wanda ya ga kududdufin da aka mayar bola a cikin unguwa, da rijiyoyi kewaye da shi, ya san abin da nake nufi.

Jujin Fresh Kills da ke tsibirin Staten a birnin New York na Amurka ya isa misali. An buɗe shi a 1948 da niyyar wucin gadi, bai rufe ba sai 2001, bayan ya mamaye eka 2,200, har ana kiran sa juji mafi girma a duniya. A kan fadamar ruwan gishiri aka kafa shi, dab da mashigin Arthur Kill, ba tare da wata shimfiɗa a ƙasa da za ta tare ruwa ba. Shekara da shekaru yana tsiyaya cikin rafukan da kifi da tsuntsaye ke rayuwa.

Kwashe shara mai yawan haka ba ya yiwuwa, saboda haka dabarar ita ce a hana ruwan sama shiga. Ana lulluɓe tudun hawa-hawa: ƙasa, shimfiɗar da iskar gas za ta bi, leda mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, magudana, sai kuma ƙasar shuka a sama. A gefe ana gina katanga a cikin ƙasa, a binne bututu masu tattara ruwan da ya riga ya taru, a tura shi matata kafin a sake shi. A nan ne, a ganina, mutane kan yi kuskure: da sun ga ciyawa ta tsiro sai su ɗauka an gama. Sharar da ke ƙasa tana ci gaba da ruɓewa, kuma dole famfunan su yi ta aiki na tsawon gomman shekaru.

Sai an tare wannan ruwa gyaran gaɓar ruwan da ke kusa da juji yake yin amfani, in ba haka ba shuka a kan guba aka yi. A Fresh Kills an cire wata doguwar ciyawa mai kama da kyauro da ta mamaye fadamar, domin ciyawar asali ta samu wurin dawowa. A 2012 har awaki aka kawo su cinye doguwar ciyawar. Yanzu ana mayar da filin wurin shaƙatawa da ya kusa ninka Central Park, sanannen wurin shaƙatawa na tsakiyar New York, sau uku, kuma an buɗe wani sashe nasa ga jama'a a 2023.