Mece ce ma'anar "folo-kom" a wayarin da mitar tsohon babur?

Kalmar daga Turancin kasuwa ta shigo. Folo-kom shi ne kayan da babur ya fito da shi daga kamfani, ba a taɓa canza shi ba. Ya bambanta da orijinal, domin orijinal na iya zama sabo fil a kwalinsa daga kamfanin, amma ba shi aka ɗaura wa wannan babur ɗin ranar da aka haɗa shi ba. Masu neman tsofaffin Honda irin su C50, C70 da Benly sun fi damuwa da wannan bambanci, don nan kuɗin yake hawa ko ya sauka.

A wayarin, launi ne shaidar farko. Honda ta daɗe a kan tsari ɗaya: kore shi ne nagatib da ake ɗaurewa a jikin firam, ja daga batir yake zuwa, baƙi kuma wutar da ke fitowa bayan an murɗa makulli. Ruwan goro siginar hagu, shuɗi mai haske siginar dama, ruwan ƙasa fitilar baya, kore mai layin ɗorawa fitilar birki. A Yamaha baƙi ne nagatib, a Suzuki baƙi mai farin layi. Wanda ya ɗauki baƙar wayar Honda ya ɗaure ta a firam da tunanin Yamaha, fis zai ƙone da zarar an murɗa makulli, in kuwa an taɓa maye fis ɗin da guntuwar waya, wayarin ne zai narke.

Buɗe kwanon fitilar gaba ka duba mahaɗan. Na kamfani ƴan kawuna ne masu kama da harsashi, an matse su da inji, kowanne sanye da rigar roba mai garai-garai wadda shekaru suka mayar ruwan zuma. In ka tarar da waya a murɗe da hannu an naɗe ta da baƙin tef, to hannun wani ya riga ka shiga.

Mita ma tana da bakin magana. Yawancin na ƙananan Honda kamfanin Nippon Seiki ne ya ƙera su, kuma akan sami sunansa ko tambarinsa a fuskar. Mai lissafi da kilomita an saita ta ne a kan juyi 1400 na kebul ɗinta a minti ya ba da kilomita 60 a awa, mai mil kuwa juyi 2240 ya ba da mil 60 a awa. Sabuwar kwaikwayo lambobinta fari tas suke, allurar ta kamfani kuwa rana ta koɗar da ita. Kusoshin ma a kalle su: na Japan suna da ɗan ɗigo a ka, kuma sukundireban da bai dace ba cinye musu kai yake yi.

Lambar kayan Honda kashi uku ce. Kashin farko nau'in kayan yake nunawa: 32100 wayarin ne, 37200 mita, 35100 makulli, lambobi ukun tsakiya kuma samfurin babur, kamar 300 na CB750.

Sai dai folo-kom ba ya nufin lafiyayye. Wayar da ta shekara 40 robarta kan bushe, tagullar ta katse daga ciki a daidai wuyan babur inda kai ke juyawa. Kunna fitila, ka juya kan hagu da dama. In ta yi ƙyafta-ƙyafta, nan ciwon yake. Gara a gyara wannan taƙin da waya mai launi iri ɗaya da a zubar da wayarin gaba ɗaya. Kafin a sa kwai kuma a tabbatar ko babur ɗin bolt 6 ne ko 12, don tsofaffin Cub, wato irin su C50 da C70, na kafin shekarun 1980 masu 6 ne.