Rainon jinjirin mage da ya rasa uwa

Rainon jinjirin mage shi ne ɗaukar nauyin ɗan kyanwar da bai isa yaye ba, idan uwarsa ta mutu, ta ɓace, ta ƙi shi, ko nononta ya ƙafe. Ana haihuwar ɗan mage idonsa a rufe, kunnensa a toshe, nauyinsa tsakanin giram 85 da 115. Ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, fitsari da kashi ma sai an taimaka masa. Uwa tana ɗumama shi da jikinta, tana shayar da shi, tana lasar ƙasansa don ya yi bayan gida. Duk wanda ya ɗauki rainonsa dole ya yi waɗannan ayyuka uku, kuma ɗumi ne ke gaba da madara. Da yawa daga cikin jariran da ke mutuwa a hannun masu tausayinsu, an shayar da su ne jikinsu na sanyi.

A fara tabbatar da cewa maraya ne

Mage mai jego takan bar 'ya'yanta na wasu awanni ta je neman abinci. Idan kuma za ta sauya maɓoya, ɗaya bayan ɗaya take kwashe su, don haka wanda aka tsinta shi kaɗai mai yiwuwa layi bai zo kansa ba ne. Jaririn da yake da tsabta, da ɗumi, cikinsa a cike, yana barci shiru, uwarsa na kusa. A ja da baya sosai a sa ido, domin ba za ta fito ba matuƙar tana ganin mutum. Wata dabara ita ce a barbaɗa gari ko toka kewaye da wurin, a dawo bayan wasu awanni a duba ko akwai sawu.

Ba a jira idan jikin ya yi sanyi, ko ya jiƙe, ko ya ƙazanta, ko yana kuka ba tsayawa, ko kuwa akwai haɗarin kare, ruwan sama ko tururuwa. In an sami wata mage mai lafiya da ke shayar da 'ya'ya sa'anninsa, a gwada haɗa su ana kallo. Sau da yawa takan karɓa, kuma babu mai raino da zai kamo ƙafarta.

Gane kwanakinsa

Yawan madara da tazarar shayarwa sun danganta da kwanaki. Igiyar cibiya takan bushe ta faɗi tsakanin kwana 3 zuwa 5. Ido yana buɗewa tsakanin kwana 7 da 14, kuma ba a buɗe shi da hannu. Wajen mako 3 ƙananan haƙoran gaba suke ɓullowa, kunnuwa su miƙe, ya fara takawa yana tangaɗi. Fiƙa takan biyo baya wajen mako 4. Sikeli ma yana taimakawa, domin lafiyayye yakan ƙara kusan giram 100 kowane mako.

Ɗumi

A makon farko zafin jikin ɗan mage digiri 35 zuwa 37 ne a ma'aunin Salshiyos, ƙasa da na babbar mage da ke tsakanin 38 da 39. A kwanakin farko ko karkarwar sanyi ba ya iya yi, kuma sai ya kai kamar mako 4 yake iya riƙe ɗuminsa. Idan zafin jikin ya sauka zuwa wajen digiri 34, hanji yakan daina motsi. Madarar da aka ɗura a wannan hali ba ta narkewa: zama take a ciki ta kumbura shi, ko ta dawo ta faɗa huhu. Abin da ya sa ke nan ba a shayar da jariri mai sanyin jiki, komai kukan da yake yi.

A taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa, a sa yatsa mai tsabta cikin bakinsa. In babu ɗumi, a naɗe shi da ƙyalle mai laushi a sa shi cikin riga a jikin mutum, ana murza shi a hankali. A bar ɗumin ya shige shi sannu a hankali cikin awa ɗaya zuwa uku. Tsoma shi a ruwan zafi ko kanga shi a wuta yana iya kashe shi.

Makwancinsa kwali ne mai tsayin baki, da shimfiɗa mai laushi marar zare, don farcensa ba ya komawa ciki tukuna kuma yakan maƙale. Ana son zafin cikin kwalin ya kai digiri 29 zuwa 32 a makon farko, 27 zuwa 29 a mako na biyu da na uku, ya sauko wajen 24 bayan wata ɗaya. Kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul ta wadatar, haka ma safa cike da ɗanyar shinkafa da aka ɗumama. A sa ta gefe ɗaya kawai, yadda zai iya jan ciki ya matsa in zafi ya ishe shi. A riƙa sauya ta a kowace shayarwa, domin kwalbar da ta huce zuƙe masa ɗumi take yi.

Wace madara

Madarar shanu ba ta dace ba. Furotin da maiƙonta sun gaza na nonon mage, sukarinta kuma ya fi yawa, sai ta kawo gudawa alhali jaririn bai ƙoshi ba. Madarar jariran mutane ma furotin ɗinta ya yi masa kaɗan ƙwarai. Abin da ake so shi ne madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan mage, irin su KMR da Royal Canin Babycat Milk. A bi umarnin da ke jikin gwangwani. Garin KMR, alal misali, awo ɗaya ake damawa da awo biyu na ruwa. Ruwan ya zama tafasasshe da ya huce. In ta yi kauri takan taurara kashi, in ta tsinke kuma ba ta ƙosarwa. Wadda aka dama a ajiye ta a firij, a zubar bayan awa 24. Wadda aka riga aka ɗumama ta ragu a fida, ba a mayar da ita.

In ba a samu ba nan take, akwai haɗin wucin gadi: madarar gwangwani marar sukari mililita 90, ruwa mililita 90, yogot marar zaƙi mai cikakken maiƙo mililita 120, da gwaiduwar manyan ƙwai uku, ban da farin. A kaɗa a tace. Na kwana ɗaya ko biyu ne kafin a samo ta ainihi, ba abin da za a rene shi a kai ba.

Nawa, kuma sau nawa

Cikin jinjirin mage yana ɗaukar kusan mililita 4 a kan kowane giram 100 na nauyinsa a zama ɗaya. A yini guda, dare da rana, yana buƙatar kusan mililita 25 a kan kowane giram 100. Mai giram 120 ke nan zai sha kamar mililita 30, a raba masa sau goma, mililita 3 kowane zama. A ranar farko a ba shi ƙasa da haka, a ƙara sannu a hankali har cikinsa ya saba.

A makon farko ana shayarwa duk bayan awa 2 zuwa 3, har da tsakar dare. Mako na biyu duk awa 3, na uku duk awa 4, na huɗu duk awa 5 zuwa 6. Tsallake na dare a makonni biyun farko ganganci ne, saboda hantarsa ba ta da ajiyar sukarin da za ta riƙe shi har safiya. Cika masa ciki don a huta ma ba mafita ba ce, kumburi da gudawa ne sakamakonta.

Yadda ake shayarwa

A ɗumama madarar ta hanyar tsoma fida cikin ruwan zafi, a ɗiga a bayan hannu. Ɗuminta ya zama na jikin mutum. Ƙananan fida na dabbobi sukan zo babu huji a kan robar, sai an huda. Hujin da ya yi daidai shi ne wanda idan an kifa fida madara za ta riƙa ɗiga ɗaya bayan ɗaya, ba ta zuba ba. Ga ɗan kwana kaɗan, sirinji mai mililita 1 ko 3, ba allura, ya fi sauƙin sarrafawa.

Ana kwantar da shi ruf da ciki a kan tawul, kansa a ɗan ɗage, yadda yake kwanciya a gaban uwarsa. Ba a rungume shi rigingine irin na jaririn mutum. A sa kan robar a bakinsa, a karkata fida yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi ya tsotsa da kansa. In ya kama da kyau za a ga harshensa ya naɗe robar, kunnuwansa na ɗan motsi da kowane haɗiya, ƙafafun gaba na tura tawul ɗin. Kada a matsa fida. Da sirinji kuwa, ɗigo ɗaya a kan harshe, a jira ya haɗiye, sannan wani.

Madara ta fito ta hanci, ya ƙware ke nan: ko hujin ya yi girma, ko an yi sauri. A tsaya, a sunkuyar da kansa kaɗan, a share hancin, a shafa bayansa. Idan daga baya numfashinsa ya yi nauyi ko yana ƙara, madara ta shiga huhu, sai likitan dabbobi ba tare da ɓata lokaci ba. Bayan ya sha a ɗan bubbuga bayansa da yatsa ya yi gyatsa, a goge masa fuska. Fida da roba a wanke su a ƙona da tafasasshen ruwa. Jaririn da bai sami dakashi, wato nonon farko na uwa, a ranar haihuwa ba bai karɓi garkuwar jiki daga uwa ba, ƙazanta kaɗan ta isa ta kwantar da shi.

Fitsari da kashi

Har zuwa mako 3 ko 4, a kowace shayarwa a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a riƙa shafa ƙasan cikinsa da duburarsa a hankali har ya gama, sannan a tsane wurin. Fitsari yana zuwa kusan kowane lokaci, launinsa fari-fari. In ya yi duhu, ruwan jiki ya yi ƙasa. Kashi kamar sau ɗaya ne a rana, rawaya, kaurinsa irin na man goge baki. Kore mai ruwa-ruwa yawanci alamar an cika shi ne, sai a rage yawan madarar. Fari, ko mai launin toka, ko mai jini, na likita ne. Haka nan in ya kwana biyu bai yi ba.

'Yan'uwa marayu sukan tsotsi al'aurar juna har ta kumbura. Da an ga haka a raba musu makwanci na ɗan lokaci.

Sikeli

Ido yana yaudara, domin jariri na iya sha da kuzari alhali yana ramewa. A auna shi kullum a lokaci guda da ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, a rubuta. Ƙarin giram 10 zuwa 15 a rana shi ne daidai. Tsayawar nauyi ko raguwarsa takan bayyana kafin kowace alama, kuma a lokacin ne magani ya fi amfani.

Abubuwan da ke kashe su

Sanyi, ƙarancin sukari a jini, da bushewar jiki tare suke tafiya, kowanne na jawo ɗan'uwansa. Jaririn da ya yi laushi, ya daina tsotsa, ko yana fizge-fizge, a fara ɗumama shi, a riƙa shafa masa ruwan sukari ko gulukos a dasashi duk bayan 'yan mintuna, a nufi likita. Jan fatar wuya don gane bushewar jiki ba abin dogaro ba ne a jarirai. An fi gane ta da dasashi mai danƙo da fitsari mai duhu.

Ƙuma na iya shanye jinin jariri har dasashinsa ya yi fari. A taje ta da matsefi mai ƙananan haƙora, in ta yi yawa a wanke shi daga wuya zuwa ƙasa da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a busar da shi sarai nan take. Maganin ƙumar karnuka mai sinadarin famitirin (permethrin) guba ne ga mage, haka ma farasitamol, ko kaɗan ne. Idon da ya kumbura tun bai buɗe ba mugunya ce ta taru a ciki, tana iya makantar da shi. Cibiya mai ja ko mai wari ita ma ba a jinkirta ta.

A ware shi daga sauran magen gida na mako biyu, a wanke hannu kafin taɓa shi da bayan an taɓa. Likita yakan fara maganin tsutsar ciki daga mako 2 zuwa 3, allurar rigakafi ta farko a mako 6 zuwa 8, ta ciwon haukan kare kuma daga mako 12.

Yaye

Wajen mako 4 zai fara tauna robar fida. A dama jiƙaƙƙen abincin 'ya'yan mage da madararsa ya yi ruwa-ruwa, a zuba a faranti marar zurfi, a lakata masa a baki. Kada a dulmiya fuskarsa ciki. Kwanakin farko tattakawa zai fi yi a kan ci, don haka a ci gaba da ba shi fida ana aunawa, ana ƙara wa abincin kauri har ya yayu tsakanin mako 6 da 8. A ajiye masa ruwa a ƙaramin kwano, da tire marar zurfi mai yashi inda za a riƙa sa shi ya yi bayan gida bayan ya ci. Yashin bayan gidan mage na kanti mai dunƙulewa idan ya jiƙa bai dace ba a wannan lokaci, don in ya haɗiya yana toshe hanji.

Tsakanin mako 2 da 7 ne mage ke sabawa da mutane, saboda haka a riƙa ɗaukarsa ana shafa shi, mutane daban-daban. Wanda ya tashi shi kaɗai yakan zama mai cizo da yakushi, don ba ɗan'uwan da ya rama masa har ya san iyaka. A yi wasa da shi da abin wasa maimakon yatsa, in da hali kuma a haɗa shi da wani sa'ansa mai lafiya bayan an gama makonni biyun warewa.