Gidan Orbeliyan da cocinan Suyunik: tambayoyi da amsoshi

Su wane ne 'yan gidan Orbeliyan?

Gidan sarauta ne da ya riƙe lardin Suyunik, a kudancin Armeniya ta yau, a ƙarni na 13 da na 14. Kakanninsu manyan fadawa ne a Jojiya. A 1177 suka yi wa Sarki Giyorgi na Uku tawaye, ya murƙushe su, waɗanda suka tsira da rai suka watse. Daga baya wani jikansu, Liparit, ya sami ƙasa a yankin Bayots Dzor na lardin Suyunik a ƙarƙashin gidan Zakariyan, masu jagorancin rundunar Jojiya a lokacin. Wato baƙi ne a ƙasar da suka mulka. A riƙe wannan, don shi ne mabuɗin sauran labarin.

Wane gini ne aka fi saninsu da shi?

Norabank, gidan sufayen Kirista da ke cikin wani kwazazzabo mai jajayen duwatsu. Ba su suka kafa shi ba, sun same shi ne suka mayar da shi na gidansu. Liparit ya gina cocin Surb Karapet, wato na Yahaya mai baftisma, aka gama a 1227. Ɗansa Simbat ya ƙara masa babban zaure a 1261. A 1275 Tarsayich, ɗan'uwan Simbat, ya sa aka jingina ƙaramin cocin Surb Girigor don ya zama maƙabartar dangi, kuma har yau ana ganin dutsen kabarin ɗansa Elikum na shekarar 1300 da zaki sassaƙe a kansa.

Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne na ƙarshe, cocin Maryam da Burtel, ɗan Elikum, ya gina, aka kammala a 1339. Bene ne: ƙasa kabari, sama wurin ibada, kuma ana hawa ta siraran matakalai biyu da suka fito daga jikin bangon gaba, babu abin dafawa. A ginshiƙan da ke ɗauke da ƙubba an sassaƙa Burtel kansa riƙe da ƙaramin samfurin cocin. Mutumin bai bar wa kowa shakkar wanda ya biya kuɗin aikin ba.

Ibada ce kawai ta sa su wannan ɗawainiya?

Ibada na ciki, babu mai musu. Amma a ganina rabin zancen ke nan. Wanda ya zo ƙasa daga baya yana bukatar hujjar cewa tasa ce, kuma babu hujjar da ta kai kaburburan iyaye a cikin cocin da kowa ke zuwa. Haka kuma al'adar manyan Armeniyawa ce su rubuta kyautarsu a jikin bango: ƙauye kaza, gonar inabi kaza, a madadin haka limamai su riƙa yi wa mai kyautar addu'a duk shekara. Abin ya yi kama da wakafi, sai dai takardar shaidar dutse ce, ba ta ƙonewa, ba ta ɓata.

Sannan ba su tsaya ga gini ba, sun riƙe kujerar shugabancin cocin ma. Istifanos, ɗan Tarsayich, shi ne babban bishop na Suyunik, kuma shi ya rubuta tarihin lardin a ƙarshen ƙarni na 13. Yawancin abin da aka sani game da gidan daga alƙalaminsa ya fito, don haka mai karatu ya tuna ɗan gida ne ke yabon gidansu.

Ta yaya suka yi gini a zamanin Mongol, alhali ana rushe garuruwa?

Sun miƙa wuya da wuri, tun zuwan rundunar Mongol wajen 1236. Simbat ya yi doguwar tafiya har Karakorum, babban birnin Mongol, sau biyu a shekarun 1250, ya gana da babban sarkinsu Mongke Khan, ya dawo da takardar da ta sa ƙasarsa kai tsaye a ƙarƙashin Khan, ta kuma ɗauke wa cocina da limamai haraji. Farashin shi ne su ba da mayaƙa a yaƙe-yaƙen Mongol. Saboda wannan kwanciyar hankali malamai da masu sana'a suka kwararo Suyunik, makarantar Giladzor ta bunƙasa a wannan yanki.

Wa ya yi aikin da hannunsa?

Sunan da ya fi fitowa shi ne Momik: magini, mai sassaƙar dutse, kuma mai zanen littattafan hannu. Shi ya gina cocin ƙauyen Areni a 1321, kuma ana ɗaukar cocin Burtel a matsayin aikinsa na ƙarshe.

Coci kaɗai suka gina?

A'a. A 1332 Chesar Orbeliyan ya gina zangon fatake a mashigar tsaunin Selim, sama da mita 2,400 daga matakin teku, da baƙin dutse, da wurin ɗaure dabbobi a ciki saboda sanyi. Rubutun ƙofarsa da Farisanci ne, na ciki da Armeniyanci, kuma an ambaci Abu Sa'id, sarkin Mongol na Iran. Abu Sa'id yana mutuwa a 1335 daularsa ta wargaje, hare-haren Timur, sarkin yaƙin Asiya ta Tsakiya, na ƙarshen ƙarnin suka biyo baya, manyan gine-ginen gidan Orbeliyan suka tsaya.