Giɓin fasahar zamani da dunƙulewar duniya

Giɓin fasahar zamani shi ne tazarar da ke tsakanin mutanen da suke da intanet da kayan sadarwa kuma suke cin moriyarsu, da waɗanda ba su samu ba, ko suka samu amma bai tsinana musu komai ba. Ana ganin wannan tazara tsakanin ƙasa da ƙasa, ana kuma ganinta a cikin ƙasa guda, tsakanin birni da ƙauye, mai hali da talaka, maza da mata. Masana labarin ƙasa da na tattalin arziki sukan tattauna ta tare da batun dunƙulewar duniya, domin fasahar da ta haɗa kasuwannin nahiyoyi ita ce take ƙara mayar da wasu al'ummomi baya a duk inda ba ta isa ba.

Yadda fasaha ta haɗa duniya

A shekarar 1866 aka kammala shimfiɗa wayar tangaraho mai ɗorewa a ƙarƙashin Tekun Atlantika, sai labarin farashin auduga da a da yake yin fiye da mako guda a jirgin ruwa tsakanin Ingila da Amurka ya koma isa a wuni ɗaya. A 1956 wani ɗan kasuwar Amurka, Malcom McLean, ya fara jigilar kaya a kwantena, abin da ya karya kuɗin lodi da sauke kaya a tashoshin jiragen ruwa. A 1989 kuma Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba. Da waɗannan suka haɗu, sai ya zamana kamfani zai iya tsara kaya a wata ƙasa, ya ƙera su a wata, ya sayar a ta uku, yana bibiyar komai daga ofis ɗaya.

Tun kafin intanet ta yaɗu an lura cewa rabon bai zo daidai ba. Rahoton kwamitin Maitland, wanda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar a tsakiyar shekarun 1980, ya nuna cewa wayoyin tarho da ke birnin Tokyo sun fi na nahiyar Afirka baki ɗaya yawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi manyan taruka biyu a kan matsalar, a Janiba a 2003 da Tunis a 2005. Duk da haka, ƙiyasin ITU na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, kuma a Afirka kashi 37 cikin ɗari ne kawai suke hawanta.

Afirka ta Yamma

Kusan duk bayanan da ke tsallaka teku suna bi ne ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan ruwa, saboda haka biranen gaɓa ne ke fara shan romon. Wayar SAT-3 ta fara aiki a 2002, Main One da Glo-1 suka biyo baya a 2010, Equiano ta kamfanin Google kuma ta sauka a Legas a 2022. Ƙasashen da ba su da teku, irin su Nijar da Chadi, dole su jawo layi ta ƙasashen maƙwabta, kuma kowace kilomita ƙarin kuɗi ce a kan mai sayen data. Raunin tsarin ya fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyi huɗu suka tsinke a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, harkokin banki da na ofisoshi suka tsaya cik a ƙasashe da dama.

Wayar hannu ce ta sauya al'amura da gaske. Kafin a fara GSM a Nijeriya a 2001, layukan tarho da ke aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Amfanin abin ya kai har kasuwannin hatsi: binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a Nijar ya gano cewa tsakanin 2001 da 2006 shigowar wayar hannu ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a bayyane yake. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya ji nawa buhun gero yake, yanzu yana iya buga waya kasuwanni biyar kafin ya yi lodi.

Matakan giɓin

Kuskure ne babba a ɗauka cewa da zarar an kafa turken sabis an gama aiki. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ta sha nuna cewa mafi yawan waɗanda ba sa hawa intanet suna zaune ne a inda sabis ɗin ya riga ya kai. Abin da ke hana su shi ne tsadar babbar waya, da kuɗin data, da rashin wutar lantarki, wanda ya sa shagon cajin waya mai janareta ya zama sana'a a ƙauyuka da unguwanni. Sai kuma rashin karatu da batun harshe. Mafi yawan abin da ke intanet da Turanci da wasu manyan harsuna yake, kuma sai a ƙarshen 2013 Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa saƙon murya a WhatsApp ya karɓu sosai a wurin waɗanda rubutun boko bai zauna musu ba. Mata kuwa, musamman na karkara, su ne suka fi ƙarancin mallakar waya tasu ta kansu.

Illar ta fi tsanani a fagen ilimi. Tun daga 2015 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a a Nijeriya, ta mayar da jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, don haka akan samu ɗalibin da ya haddace darasinsa tsaf, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da ya ɗora yatsa a kan allon bugu, yana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya alhali agogo yana tafiya. A lokacin annobar korona a 2020, 'ya'yan masu hali sun ci gaba da karatu ta intanet, yayin da jihohi da dama suka koma koyarwa ta rediyo.

Koyar da batun

A darussan labarin ƙasa da nazarin zamantakewa, hanyar da ta fi kama hankalin ɗalibai ita ce a ɗauki abu guda a bi sawunsa. Malami zai iya ɗaga wayar Tecno da aka saya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya sa ɗalibai su nemo tushenta a taswira: kamfanin Transsion mai ita yana Shenzhen a ƙasar Sin, ma'adinin kobalt da ake sa wa a batura mafi yawansa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, tsofaffin kayan lantarki kuma sun daɗe suna ƙarewa a wurare irin su Agbogbloshie da ke Akara, inda, kafin a rushe wurin a 2021, matasa suka riƙa ƙona wayoyin lantarki don ciro tagulla suna shaƙar hayaƙi mai guba. Daga nan sai a tambayi ɗalibai wane ne ya fi samun riba a wannan zagaye, wane ne kuma ya ɗauki wahalarsa.

Raba na'urori kaɗai bai isa ba, ko a aji. Shirin ba kowane yaro kwamfutar cinya, wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005, ya raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci a ƙasar Peru. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya wallafa a 2012 bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da na harshe ba, kuma masu sharhi da dama sun danganta hakan da ƙarancin horar da malamai da rashin intanet a yawancin makarantun da aka kai kwamfutocin.